Sukuwa a Filin Aro

A karkarar arewacin Kano, ko ka miƙe daga Ungogo zuwa Minjibir, ko ka bi ta Dawanau ka nufi Dawakin Tofa da Bichi, ko ka ɗauki hanyar Ɗambatta, doki ba ya samun wurin sakin ƙafa sai an kawar da amfanin gona. Duk tsawon damina ƙasar a rufe take. Gero da dawa sun kai har bakin danga, wake da gyaɗa sun cike tsakanin kunya, hanyar da ta rage ba ta wuce faɗin jaki da mangalarsa ba. Sai an yanke kara an ɗaure, an kwashe harawa an ɗora a kan rassan bishiya da rufin soro, sannan ido ke samun tafiya, ya hango gawo da ɗorawa da kuka tsaye ɗai-ɗai har inda hazo ya tare shi. A wannan ɗan tsakani ne, daga ƙarshen kaka zuwa lokacin kai taki da sharar gona, masu dawaki ke samun fili. Aro ne, kowa ya san aro ne, kuma mai gona na da ikon cewa a'a.

Matsin ba na yau ba ne. Tun a 1965 Michael Mortimore, Baturen da ya koyar da ilimin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya fitar da bincike shi da abokin aikinsa a kan wannan yanki da ya kewaye birnin Kano. Sun tarar sama da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta kowace shekara ba hutu, takin dabbobin gida da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni shi ke riƙe da ita. An fi rabin ƙarni da yin wannan bincike, ana ta raba gonakin gado, ana ta haihuwa. Yaron da aka haifa a nan zai iya girma har ya yi aure bai taɓa taka saura ba, wato gonar da aka bari ta huta ciyawa ta rufe ta. Yana jin kalmar a bakin kakansa, ya san ma'anarta, amma ƙafarsa ba ta san ta ba.

Mutanen ƙasashen sanyi suna da wasan da shi ma yake jiran lokacinsa kamar haka, shi ne zamiya a kan dusar ƙanƙara. Mutum ya ɗaura dogayen katakai biyu masu santsi a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sako kansa daga kan tudu ya gangaro. Mu nan a talabijin muke ganinsa, lokacin gasar Olamfik ta hunturu, kamar ta Beijin a 2022 inda Samuel Ikpefan ya shiga gasar da sunan Najeriya. Ganin fitilu da tutoci da manyan duwatsu zai sa ka ɗauka wasan attajirai ne tun asali. Amma salon da ake yi yau a ƙauye ya girma, wani ƙauye mai suna Morgedal a lardin Telemark na ƙasar Norwe, inda manoma talakawa ke sassaƙa katakansu da hannu, su fita ranar Lahadi su yi gasa a gangaren bayan gidajensu. Ɗaya daga cikinsu, Sondre Norheim, wanda aka haifa a 1825, ya tafi babban birninsu a 1868, lokacin ana kiransa Christiania kafin ya zama Oslo, ya cinye gasa, 'yan birni suka tsaya suna kallon yadda baƙauye ke murɗa jiki ya juya ya tsaya cak.

Kalmar slalom, wadda duk duniya ke kiran tseren kwane-kwane da ita a yau, daga bakin mutanen wannan lardi ta fito. Rabinta na nufin gangare mai sauƙi, rabin kuma sawun da aka bari a ƙasa. Suna da wani suna daban na hanyar da ke da gaɓar da sai an yi tsalle, da wani na hanyar masu ganganci. Mutane ba sa raba abu suna-suna haka sai sun daɗe suna faɗuwa a kansa.

Haka Bahaushe ya yi wa tafiyar doki. Akwai taƙama, tafiyar ƙasaita da doki ke ɗaga ƙafa yana ajiyewa kamar yana ƙirga su, wadda ta dace da mai babbar riga da rawani. Akwai sassarfa, ta mai sauri da ba ya son gajiyar da dabbarsa. Akwai kilisa, fitar yamma don doki ya warware jini kada zaman turke ya lalata shi. Akwai sukuwa, inda ake sakar masa linzami baki ɗaya. Akwai taɓarya, idan ya miƙe a kan ƙafafun baya. Sannan akwai zamiya, wadda ita ce ƙarshen sukuwa kuma ita ce ma'aunin mahayi.

A maganar yau da kullum, zamewa abu ne da ke samun mutum ba da sonsa ba. Ƙafa ta zame a bakin rijiya, tulu ya fashe. Santsi ya kwashe tsohuwa a tsakar gida bayan ruwa. Idan kuma aka ce wane ya zame jiki, to ya sulale ne daga inda ake buƙatarsa. Duk inda kalmar ta shiga, akwai hasara ko kunya a kusa. Mahayi kaɗai ne ya ɗauki wannan abin tsoro ya mai da shi gwaninta. Ya taho a sukwane, ƙura na bin bayansa, har sai na gaba sun fara ja da baya, sannan ya zauna sosai a sirdi, ya tura likkafa gaba, ya ja linzami. Dokin ya tattaro ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, ya kusa zama a kan ɗuwawu, na gaba suka miƙe, ya tafi a haka yana sharar ƙasa taku uku ko huɗu, ya tsaya daidai inda aka so. Mahayin ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Wannan shi ne zuciyar jahi da ake yi a gaban sarki, kuma shi ne samari ke yi a gaban dagaci ranar hawan angwanci. Faɗuwa ce aka fara da gangan aka hana ta ƙarewa. Ɗan Morgedal da ya karkata katakansa a ƙasan tudu, dusar ƙanƙara ta tashi gefe guda, da zai ga wannan da ba sai an yi masa bayani ba.

Sai dai zamiya ba ta yiwuwa a ko'ina, kuma a nan ne kalmomin ƙasa ke shigowa. A kan fako, inda ƙasa ta daskare ta yi tauri, doki zai ji ciwo a gaɓoɓinsa, wata rana ya ƙi yarda. A laka ko daɓaron fadama ƙafafunsa za su watse ya kife da mahayi. A rairayi mai zurfi zai nutse ya tsaya da ƙarfi, mahayi ya wuce ta kan wuyansa. A kan marmara da tsakuwa kofato zai tsage, tunda dawakin ƙauye ba takalmin ƙarfe gare su ba. Abin da ake nema shi ne jigawa mai turɓaya a sama da ƙarfi a ƙasa, irin wadda ta yi shekaru tana cin taki. Gonar da ta fi kyau da gero ita ce ta fi kyau da sukuwa, shi ya sa manomi da mahayi ba su da rabuwa, sau da yawa ma mutum ɗaya ne.

Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijo, a wani ƙauye tsakanin Minjibir da Ɗambatta, yana duba fili kafin a saki dawaki. Bai hau komai ba. Da ƙafa ya bi shi tun daga gindin tsamiyar da za a tashi har kukar da za a tsaya, ya ɗage riga ya rataya a kafaɗa, yana tafe yana dukan ƙasa da dunduniya. Inda ya ga tushiyar dawa ta rage, mai kaifi kamar tsinin mashi, sai ya tsuguna ya tumɓuke ya jefar gefe. Inda ya ga ramin gafiya ko na kurege sai ya kira yara su cike su daddanne. Ya sa aka karkatar da hanyar tseren don ta bi tsawon kunya, saboda dokin da ke tsallake kunyoyi a gicciye zai yi tuntuɓe ko ya gurɗe. Da ya gama sai ya koma wajen wani yaro ɗan maƙwabcinsa da ke kan wani akawal, ya riƙe ragamar ya dubi hannun yaron.

"Kai, sassauta. Bakinsa ka riƙe, ba turke ba."

"To, Baba. Ina tsoron ya ƙwace ne."

"In ka matse shi tun yanzu, me za ka gaya masa in kun isa kuka? Ka riga ka ƙarar da maganarka."

Linzamin gargajiya yana da zobe da ke zagaye haɓar doki da ƙarfe da ke danna dasashinsa, don haka ba ya son hannu mai nauyi. Gwani da ɗan yatsa yake magana da shi. Duk inda na ga kumfar bakin doki ta koma ja bayan zamiya, ba na tafa wa mahayin, ko da taro na sowa, domin dabbar ce ta biya kuɗin abin da bai koya ba.

Koyon kuwa tun daga ƙuruciya yake farawa, a matakai da babu wanda ya tsara su. Yaro ya fara da dokin kara, ya yi masa linzami da zare, yana haniniya da bakinsa. A garuruwan da ke da duwatsu, irin su Fanisau, yara kan hau falalen dutse su zauna a kan ganye ko fasasshiyar jarka su sulalo, su sake hawa, har wando ya huje. Daga nan sai jaki, a dawo da shi daga gona ba akumari. Sai ranar da za a ce masa ya kai doki shan ruwa, ya yi hawan ƙawara, ba sirdi ba likkafa, cinyoyinsa kaɗai ke riƙe da shi. Yau idan aka ce an yi wa mutum hawan ƙawara, kowa ya gane an ci zalinsa ba ladabi, amma masu faɗin haka kaɗan ne suka taɓa jin zafin ƙashin bayan doki. Wannan ne abin da ke damuna game da kalmomin nan. Ba mutuwa suke yi ba, suna nan a jarida da rediyo da bakin 'yan siyasa, ana sukuwa a kan dukiyar jama'a, ana ja wa wane linzami, ana ƙara ƙaimi. Jikinsu ne ke zubewa, ya bar karin magana tsirara.

Masu zamiyar ƙanƙara sun daɗe da wata matsala da ta shafi hawa. Gangarowa ba ta ɗaukar lokaci, amma kafin a gangaro sai an hau, da ƙafa, da katakai a kafaɗa. A watan Janairu na 1934, a garin Woodstock na jihar Vermont a Amurka, aka kafa igiya a makiyayar wani manomi mai suna Gilbert, aka haɗa ta da injin tsohuwar mota Ford, mutum ya kama igiyar ta ja shi zuwa kan tudu. Bayan shekara biyu, a 1936, a Sun Valley ta jihar Idaho, wani injiniyan kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific mai suna James Curran ya ɗauki dabarar ƙugiyoyin da ake loda ayaba a jirgin ruwa, ya sa kujeru a madadin ƙugiya, aka sami kujerar da ke tafiya a kan waya. Igiya irin ta Woodstock ba ta da tsada, don haka ƙananan garuruwa suka yi ta kafa tasu, kowane da tudunsa da ƙungiyarsa da tseren yaransa na ƙarshen mako. A arewa maso gabashin Amurka kaɗai, ɗaruruwan irin waɗannan wurare sun rufe tun daga baya. Kuɗin inshora ya yi yawa, hunturu ya rage sanyi har sai an sayi injin yin dusar ƙanƙara, manyan hanyoyi kuma suka kwashi masu mota zuwa manyan duwatsu. A Afirka ma akwai wuraren wasan, kamar Oukaïmeden a duwatsun Atlas na Maroko, kudu da Marrakesh, da Afriski a Lesoto, kuma na Marokon ya sha fama da ƙarancin ƙanƙara a 'yan shekarun nan.

Mai doki ba shi da injin da zai ɗauke masa hawa. Sukuwar da ba ta wuce minti biyu ba, shekara guda ake yi ana hawa tudunta. Harawar wake da ta gyaɗa, ingirici, dusa da kanwa, gero in da hali, ruwa safe da yamma, share barga, wanka, duba kofato, maganin kaska. Da bazara, lokacin da damin harawa ke tsada har masu tumaki na kuka, doki ba ya rage ci. A gidan da gonarsa ba ta wuce kadada ɗaya ba, ajiye doki magana ce da ake yi da matar gida da 'ya'ya, domin abin da ya ci an rage shi ne daga wani wuri. Abin da yake mayarwa shi ne taki, da kuɗin haya lokacin biki ko Sallah, da kuma wani abu da ba a auna shi a mudu, wanda ke sa a ce gidan su wane mai doki.

Wannan yanki ya daɗe da sanin darajar abin. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali, Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya fito da dawakin zage. Sunan Dawakin Tofa kansa shaida ne, haka sarautar Madaki da ta daɗe tana riƙe da ƙasar, wadda asalinta madawaki ne, shugaban mayaƙan kan doki. A 1824, da Baturen nan Clapperton ya iso Kano, a Fanisau ya sami Sarki Ibrahim Dabo, ya yi sansani yana fama da Ɗan Tunku, wanda ya kafa Kazaure. Gonakin da ake aron su yau don tsere, dawakin yaƙi sun taka su. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 doki ya bar fagen fama ya koma na hawa, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Abin farin ciki ne. Amma mai kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ya tuna cewa yawancin mahayan da ke bayan kowane hakimi daga ƙauyuka aka tattaro su, kuma ba a Ƙofar Kudu suka koyi zamiya ba. Nan wurin nunawa ne. Wurin koyo yana can bayan gari, inda in ka faɗi yara ne kaɗai za su yi maka dariya.

Tseren ƙauye ba shi da agogo ba shi da kyamara. A jera dawaki huɗu ko biyar, wani ya ɗaga hula ya sauke, a tashi. Mahayan yara ne marasa nauyi, wasu ko takalmi babu, abin da ya kamata a gyara, domin hular kwano ba ta kai kuɗin buhun dusa biyu ba kuma kan yaro ba ya da madadi. A wajen tsayawa dattawa biyu ko uku ne alƙalai, kuma da wuya a watse ba gardama, wannan ya ce an tashi kafin hula ta sauka, wancan ya ce an tare masa hanya. Dokin mai baki ya fi gudu, in ji masu magana, kuma a dandali da dare za ka ji dokin da ya zo na uku ya koma na ɗaya. A manyan filayen sukuwa na birane an raba dawaki aji-aji, na Arewa daban, Talon daban, 'yan Sudan daban, saboda dogon ɗan Sudan zai bar ƙaramin dokinmu a baya. Amma kawo shi gonar da ke da kunya da rami ka ga wanda zai kai kuka lafiya. Ƙurun da aka sayo a Maigatari ranar Alhamis, ya girma yana bin burtali, ya san inda zai sa ƙafa ba sai an gaya masa ba. Narambaɗa ya yi wa dokin tsere waƙa sukutum, Ɗanfilinge, kuma masu sauraronsa na farko mutane ne da suka san bambancin kili da bidi da danda tun daga nesa.

Kalmar da ta fi ba ni tausayi ita ce kilisa. A da babu kalmar da ta fi ta natsuwa. Dattijo ne da la'asar sakaliya, shi da dokinsa, su zaga bayan gari su gaisa da masu dawowa daga gona su komo kafin magariba. Yau a birnin Kano da unguwannin da suka cinye ƙauyukan gefensa, in aka ce 'yan kilisa sun fito, uwa ɗanta take nema ta ja shi cikin gida. Samari ne a kan dawakin haya, a sukwane a kan kwalta, tsakanin motoci da Adaidaita Sahu, wani lokaci ɓata-gari na biye da su, har 'yan sanda sun sha hana abin. Ban ga laifin hanawar ba, rai ya fi wasa. Amma waɗannan samari jikokin masu dawaki ne, sha'awar da ke jininsu ta gaskiya ce, fili ne babu. A kan kwalta doki ba ya zamiya irin ta gwani. In aka ja masa linzami a guje, zamewa yake yi irin ta bakin rijiya, ya faɗi da gwiwa, ya kwashe wanda ke gefen hanya. Kalmar ta lalace ne a daidai lokacin da ƙasar da ke ƙarƙashinta ta canja.

Canjin kuma yana matsowa arewa. Duk wanda ke bin hanyar Dawanau ko ta Ungogo ya ga yadda gonaki ke komawa fuloti, a dasa bulo a kusurwa huɗu a tafi. Manomi kana iya zuwa ƙofar gidansa da goro ka ce, Malam, a ba mu aron gona ranar Asabar, ya ce ku kauce wa wajen rogo. Mai fuloti yana Abuja ko Legas, kuma ko yana nan, bulo ɗaya a tsakiyar fili ya isa ya karya ƙafar doki. Burtalin da aka bari don shanu ana ta cinsa taku-taku daga hagu da dama, makiyayar gari ta zama gonar wani.

Abin da sukuwa ke buƙata ba shi da yawa. Ba ta neman gini ko inji ko wayar lantarki. Tsiri ne na jigawa, mai tsawon 'yan ɗaruruwan mita, a gefen filin idi ko bayan makarantar firamare, a rubuta shi a takarda da sunan gari yadda ba mai sayar da shi, a bar awaki su yi kiwo a kansa sauran kwanakin shekara. Ƙananan hukumomi ne ke da ikon sa hannu, amma hakimai da dagatai ne suka san inda ragowar burtali da makiyaya suke, kuma su ne za a tambaya ina mahayansu idan Sallah ta zo.